Sawun Murya a Cikin Waƙa da Kiɗa: Yadda Ake Bin Diddigin Karin Sautin Mutanen Da

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Sallar Gani a Daura ya san irin cikar da ƙofar fada ke yi kafin Sarki ya fito. Tambura na ruri, kakaki na tsaga iska, algaita na bi, masu jauje kuma sun rataya gangunansu a hammata suna matsawa suna saki. Baƙon da bai san gari ba amo kawai yake ji. Amma dattijon da ya tashi a gindin fada magana yake ji sarai. Yana iya cewa wannan taken Sarki ne, wancan na Galadima, wancan kuma na Kaura, har ya maimaita kalmomin da bakinsa. Ganga dai ba ta da harshe, ba ta da leɓe, ba ta furta baƙi ko wasali ko guda ɗaya. Abin da take kwaikwaya shi ne hawa da saukar murya da kuma tsawon gaɓoɓi, kuma wannan ya ishi kunnen Bahaushe ya cike sauran, muddin ya san taken.

Wannan hawa da sauka shi ne masana harshe ke kira karin sauti. To, karin da ake ji a bakin Daurawa yau, shi ne wanda ke bakin mutanen Sarkin Gwari Abdu lokacin da aka fitar da shi daga birnin a 1805? Shi ne na zamanin da ake ba da labarin Daurama da rijiyar Kusugu? Na'urar da ke ɗaukar magana ta maimaita ta ba ta zo duniya ba sai a 1877, saboda haka mai karatu na iya cewa ai tambayar ba ta da amsa, murya iska ce, in ta wuce ta wuce. Sai dai akwai wata al'umma a can gabashin duniya, wato Japanawa, da suka bi sawun karin sautin harshensu har kimanin shekara 900 baya, kuma takardun waƙa na cikin manyan abubuwan da suka yi musu jagora.

Maƙwallato da aikinsa

A cikin maƙogwaron ɗan Adam akwai wasu tantani guda biyu da ake kira tantanin maƙwallato. Idan iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu sai su kaɗa, kaɗawar nan ita ce murya. A maganar yau da kullum tantanin namiji baligi kan kaɗa kimanin sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa sama da sau 200, domin nata ya fi gajarta da sirantaka. Wasu ƙananan tsokoki ne ke ja su ɗaure tantanin ko su sassauta shi. In ya ɗauru sai kaɗawa ta yi sauri murya ta hau, in ya saki sai ta sauka. Daidai abin da makaɗi ke yi ke nan idan ya matse tsarkiyar kalangu da hammatarsa: fata ta ɗauru, amo ya tashi.

Kowane harshe na amfani da wannan hawa da sauka, amma ba kowanne ne ke rataya ma'anar kalma a kansa ba. Hausa tana ratayawa. Tana da karin sama, da karin ƙasa, da kuma faɗau, wanda ke farawa sama ya gangaro a cikin gaɓa ɗaya. Kuka na mai hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa ce. Wuya da ake rataya laya sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama ce. Kai na wakilin suna karin sama gare shi, kai na ɗaukar kaya faɗau ne. Abin bai tsaya ga kalmomi ba, ya shiga har cikin nahawu. A duba «ya tafi» a waɗannan wurare uku: Audu ya tafi tun jiya, a ce wa Audu ya tafi, in aka matsa wa Audu ya tafi. Rubutu iri ɗaya ne, amma ya ta farko doguwa ce mai karin sama, ta biyu gajera mai karin ƙasa, ta uku doguwa mai faɗau. Yaro ɗan shekara biyar ba ya ruɗa su a baki, ko da yake mai digiri kan yi gumi kafin ya iya sa musu alama a takarda.

Kada a rikita karin sauti da 'yan'uwansa na suna. Karin harshe shi ne bambancin Dauranci da Sakkwatanci, karin waƙa shi ne ma'auninta, karin magana kuwa kowa ya san shi.

Ƙashi ya rage, tsoka ta tafi

Masanin halittu da ya tono ƙasusuwan wata dabba da ta shuɗe, irin manyan dabbobin nan da aka haƙo a yankin Ingal da ke ƙasar Agadas, ƙashi kawai yake samu. Nama da jijiya sun daɗe da zama ƙasa. Amma ba ya ɗaga hannu ya ce shi ke nan, domin duk inda tsoka ta kama ƙashi takan bar gurbi ko tudu ko kaushi, kuma daga waɗannan alamu ake gane girmanta da inda take ja. Haka rubutu yake ga harshe. Baƙaƙe su ne ƙashi, suna daɗewa a takarda. Karin sauti shi ne tsoka, sai dai a nemi gurbinsa.

Rubutun ajami ya adana wani abu mai daraja wanda boko ya zubar, wato tsawon wasali, domin malamai kan nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya. Kari kuwa ajami bai san da shi ba, tun da Larabcin da aka aro haruffansa ba ya bambanta kalmomi da shi. Turawan farko ma ba su ji shi ba. J. F. Schön ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843 da littafin nahawu a 1862, kuma shi ne ya rubuta labaran Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Kance, arewa da Daura, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. An buga labaran a 1885. Ga maganar mutumin wannan yanki ta tsakiyar ƙarni na 19 shafi bayan shafi, amma babu alamar kari ko ɗaya. Sai a nahawun F. W. Taylor na 1923, sannan babban ƙamus na G. P. Bargery na 1934, aka fara nuna karin kalmomin Hausa a rubuce yadda za a dogara da shi. Ma'ana, shaidar kai tsaye da ake da ita ba ta wuce shekara ɗari ba sai da kaɗan.

Abin da Japanawa suka tarar a takardunsu

Japananci ma na bambanta kalmomi da hawa da saukar murya, ko da yake bai kai Hausa yawan amfani da shi ba. Misalin da aka fi bayarwa shi ne kalmar hashi, wadda ke nufin tsinken cin abinci, ko gada, ko gefen abu. A Tokiyo tsinke sama-ƙasa ne, gada da gefe kuwa duka ƙasa-sama, sai an sa musu ɗafi a baya ake rarrabe su: bayan gada murya na faɗuwa, bayan gefe tana zama sama. A Kiyoto, tsohon babban birnin ƙasar daga 794 zuwa 1868, abin ya kusa juyewa: tsinke ƙasa-sama, gada sama-ƙasa, gefe sama-sama. Biranen nan biyu ba su kai nisan Daura zuwa Abuja ba, amma karinsu kamar hannun riga. Dole ɗaya ya sauya, ko duka biyun. Wanne ne, kuma yaushe?

Shaida ta farko ɗigo ce. Malaman addinin Buda na Japan sun koyi Sinanci domin karanta littattafansu, kuma Sinawa na da al'adar sa ɗan ɗigo a ɗaya daga kusurwoyi huɗu na harafi don nuna karinsa. Malaman sai suka ɗauki dabarar suka ɗora wa kalmomin harshensu. Wani ƙamus mai suna Ruiju Myogisho, wanda aka fara tattarawa wajen 1100, cike yake da irin waɗannan ɗigogi: wannan gaɓa ɗigonta na ƙasa ta hagu, waccan nata na sama ta hagu. Matsalar ita ce ɗigo yana gaya wa mai karatu cewa gaɓoɓin nan biyu sun bambanta, amma ba ya rera masa bambancin. Kamar a ce an tarar da tsohuwar takarda da aka shafa wa wasu kalmomi ja, wasu baƙi, ba tare da bayanin abin da launin ke nufi ba.

A nan waƙa ta shigo. Masu ibadar Buda na da wani irin karatu na rerawa da ake kira shomiyo, kuma tun da daɗewa suka ƙirƙiro alamun rubuta shi, masu suna hakase. Wasu 'yan layuka ne da ake ja a gefen kowane harafi, inda karkatar layin da lanƙwasarsa ke nuna matakin da murya za ta taka. Waɗannan alamu suna da abin da ɗigon ƙamus ba shi da shi: har yau akwai masu rera su a gidajen ibada, malami ya karɓa daga malami, saboda haka an san wace alama ce sama, wace ce ƙasa. Masani Kindaichi Haruhiko, wanda ya rayu daga 1913 zuwa 2004, ya ɗauki wani wa'azi na rerawa mai suna Shiza Koshiki, wanda malami Myoe ya tsara a farkon ƙarni na 13, ya bi alamunsa kalma bayan kalma, ya buga sakamakon a 1964. Abin da ya lura da shi shi ne cewa kalma ɗaya takan ɗauki fasalin murya iri ɗaya a duk inda ta fito, ko da jimlar ta sauya. Wannan ba aikin daɗin waƙa ba ne, karin kalmar ne ke leƙowa ta cikin waƙar.

Akwai wasu takardu biyu na baya-baya da suka cike giɓi. Ɗaya ita ce Bumoki ta 1687, littafin koyar da yadda ake furta kalmomi a muhawarar addini, ita ma da alamun hakase. Ɗaya kuma ita ce Heike Mabushi ta 1776, wadda wani makaho mai suna Ogino ya jagoranci tsarawa. Ita wannan ta ƙunshi yadda ake rera labarin yaƙin da aka gwabza tsakanin gidajen sarauta biyu daga 1180 zuwa 1185, labarin da makafi masu kaɗa wani irin molo da ake kira biwa suka riƙe ɗaruruwan shekaru. Bahaushen da ya san yadda makafi suka yaɗa Imfiraji ta Aliyu Namangi daga kasuwa zuwa kasuwa ba zai yi mamakin wannan ba. Wani abin lura a nan shi ne masu bincike ba su ba duk sassan waƙar daraja ɗaya ba. Inda mawaƙi ke jan gaɓa ɗaya yana lanƙwasa ta, daɗin waƙa ya rinjayi harshe, shaidar ta yi rauni. Inda suka fi samun abin da suke nema shi ne sassan da ake yi kusa da magana, ana zuba labari ba tare da ado mai yawa ba.

Da aka jera waɗannan takardu bisa shekarunsu sai sauyi ya bayyana. A ƙamus na wajen 1100, bisa fassarar da akasarin masana suka karɓa, kalmar kawa, wato kogi, sama-ƙasa ce, kalmar yama, wato dutse, ƙasa-ƙasa. A Bumoki ta 1687 yama ta riga ta koma sama-ƙasa, ta haɗe da kawa, kuma haka suke a Kiyoto har yau. Ba ita kaɗai ba, duk kalmomin da ke farawa da ƙasa biyu a jere sun ɗaga gaɓarsu ta farko, kuma an kintata cewa abin ya faru wajen ƙarni na 14. Sunaye masu gaɓa biyu da a da suka kasu gida biyar sun koma gida huɗu a Kiyoto, gida uku a Tokiyo. Daga baya, a shekarun 1960, aka tarar da mutanen wani ɗan tsibiri mai suna Ibuki suna riƙe da gidajen nan biyar cif, kamar yadda masanin halittu kan tarar da wata tsohuwar halitta a raye a lungun da duniya ta manta da shi.

Ba a ce an gama magana ba. A 1979 wani Ba'amurke, S. Robert Ramsey, ya ce an karanta ɗigogin a juye: wanda aka ɗauka ƙasa shi ne sama. Hujjarsa ta taswira ce. Irin karin Tokiyo ana samun sa gabas da Kiyoto da kuma yamma da ita, ya kewaye ta. A ilimin yaɗuwar halittu, idan aka ga siffa ɗaya a gefe da gefe, wata daban a tsakiya, akan zargi ta tsakiyar da zama sabuwa. Elisabeth de Boer ta goyi bayansa a wani littafi na 2010, inda ta sake bin tarihin alamun waƙar su kansu. Akasarin masanan Japan dai suna nan kan ra'ayin Kindaichi. Amma jayayyar ta tona wani rauni na gaske: takardar waƙa ba hoton murya ba ce. Ana kwafe ta, mai kwafa kan gyara ta daidai da abin da kunnensa ya saba, kuma mai rerawa na yau ba lallai ne yana yi kamar na shekara 700 baya ba.

To, Hausa fa?

Hausawa ba su rubuta amon waƙa da alamu ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babban bambanci. Amma gurbin tsoka ba iri ɗaya ba ne a kowane ƙashi, kuma Hausa na da nata guraben.

Kafin a dogara da waƙa sai an tabbatar cewa waƙar Hausa na bin karin magana tukuna. Paul Richards ya gwada wannan a 1972 da wata waƙar baka ta murnar samun 'yancin kai. Ya bi ta gaɓa-gaɓa yana duba ko murya ta hau a inda kari ya hau, ta sauka a inda ya sauka. Ya tarar sun tafi tare a wurare kaɗan fiye da rabi, a mafi yawan sauran waƙar ta tsaya wuri ɗaya ko ta motsa inda magana ba ta motsa ba, amma inda suka saɓa kai tsaye, wato kari ya hau waƙa ta sauka, bai kai kashi 1 cikin 10 ba. Ke nan mawaƙi ba bawan kari ba ne, amma yana jin nauyin ya ci masa fuska. William Leben ya koma kan batun a 1983, ya nuna cewa dacewar ta fi haka idan aka lura da wata ɗabi'ar Hausa: murya na gangarowa a hankali cikin jimla, ta yadda karin sama na ƙarshen jimla kan iya zama ƙasa da karin ƙasa na farkonta. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai riƙa ganin saɓani inda babu.

Gurbi na biyu ya fi wannan ban sha'awa, kuma ɗan gida ne ya gano shi. Tun 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ya ginu ne kan nauyin gaɓa, doguwa da gajera, M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa bayanin dangantakarsa da arulin Larabci a 1975. Sai Dalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi digirinsa na uku kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu, ya buga wata maƙala a 1980 inda ya nuna cewa marubuta waƙa da yawa ba harafi kaɗai suke daidaitawa a ƙarshen baiti ba, har da kari. Wannan shi ake kira amsa-amon kari. Mawaƙi bai san sunan abin ba, babu malamin da ya koya masa, kunnensa ne kawai ke ƙin kalmar da ta karya zubin.

Ga yadda wannan zai yi aiki irin na hakase. A ɗauka an sami waƙar ajami ta ƙarni na 19, irin waɗanda Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu suka bari, mai baiti 60. Aka karanta ƙarshen baitocin da karin yau, sai 57 suka ƙare da ƙasa-sama, 3 suka kauce. Abu uku ne ke iya jawo haka. Ko mawaƙin ya yi sakaci, ko karin harshensa ya bambanta da na mai karatu, ko kuwa kalmomin nan uku sun sauya kari tun daga lokacin. Idan aka sake tarar da kalmomin suna kaucewa ta fuska ɗaya a waƙoƙin wasu mawaƙa na zamanin, kuma ba a sami bayaninsu a Sakkwatancin yau ba, to zato na uku ya yi ƙarfi. Baiti ɗaya ba ya zama hujja, kamar yadda haƙori ɗaya ba ya isa a zana dabba.

Akwai kuma sauye-sauyen da harshen ke nunawa da kansa ba sai an je takarda ba. Faɗau, alal misali, sau da yawa sama da ƙasa ne suka matsu a gaɓa ɗaya bayan wasali ya faɗi: mini ta zama min, masa ta zama mar, mutum kuma ta fito da wasalinta da ya ɓuya idan aka ce mutumin. Wasali ya tafi, karinsa ya ƙi tafiya. Amma idan ƙasa da sama ne suka matsu, Hausa ba ta yarda da kari mai hawa ba, sai ta mayar da shi sama zalla, shi ya sa sayi ke zama sai a «ta sai nama». Leben ya lura tun 1971 cewa da wuya kalmar Hausa ta asali ta ƙare da ƙasa biyu in wasalin ƙarshe dogo ne. A kwatanta «ya karanta littafi», inda ta gajera ce mai karin ƙasa, da «ya karanta shi», inda ta yi tsawo ta hau sama. Ya ce akwai doka da ke ɗaga irin wannan gaɓa. Paul Newman da Philip Jaggar suka yi jayayya da shi a 1989, suka kawo kalmomi irin su firamare da ke ƙarewa da ƙasa biyu ba tare da an ɗaga su ba, Russell Schuh kuma ya mayar musu da martani a shekarar. Abin mamaki, kusan irin cutar da ta kama yama ce a Kiyoto, ƙasa biyu a jere harshe ya ɗaga ɗaya. Bambancin shi ne Japanawa na iya nuna ƙarnin da abin ya faru, masanan Hausa kuwa abin da kalmar firamare ke iya gaya musu shi ne in ma dokar ta taɓa aiki, ta yi sanyi kafin zuwan makarantar boko.

Hanya ta ƙarshe ita ce kwatanta dangi: karin harsunan Hausa da juna, irin su Adaranci da Katsinanci da Kananci, sannan Hausa da 'yan'uwanta na iyalin Cadi, irin su Bolanci da Ngizim da Bade. Mafi kusa da ita shi ne Gwandara, kuma wanda ya fara yi wa Gwandara cikakken nazarin sauti, a 1972, Bajapane ne mai suna Shuji Matsushita.

Daura, Zango da Baure

A koma ƙofar fada. Take ya fi duk waɗannan kama da hakase, domin shi ma amo ne da aka raba da baƙaƙe aka adana shi daban, sai dai a hannu aka adana shi maimakon takarda. Kiɗan fada gado ne, ɗa ke karɓa daga uba, kuma kayan sun daɗe: Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Kirarin sarakuna cike yake da kalmomin da suka fita daga maganar yau, har wani lokaci mai yin sa ba ya iya fassara su. Idan hannun makaɗi na buga wata kalma da zubin da ya saɓa wa yadda bakinsa ke furta ta, to akwai abin dubawa, domin mai yiwuwa hannun ya riƙe abin da baki ya saki. Darasin Heike Mabushi ma na da amfani a nan: kirarin da sanƙira ke zubawa da ƙarfi, kusa da magana, zai fi amshin waƙa mai lanƙwasa ba da shaida mai tsabta.

Raunin da Ramsey da de Boer suka tono a Japan yana nan ma, har ya fi. Makaɗi Bahaushe ne mai jin harshensa, kuma in kari ya sauya a gari, hannunsa na iya bin bakinsa ba tare da ya sani ba. Abin da ke maganin wannan shi ne a sami rassa da suka rabu, kuma tarihin Daura ya tanadi hakan. Bayan 1805, lokacin da Malam Isiyaku ya karɓi birnin, 'yan gidan Sarkin Gwari Abdu sun kafa sarauta a Zango da kuma Baure, kowace da fadarta, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura. Sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi a Daura. Shekara ɗari ke nan gida ɗaya ya zama uku. Duk taken da aka tarar da zubi iri ɗaya a wuraren nan, musamman in ya saɓa wa furucin yau, akwai dalilin zaton ya girmi rabuwar. Inda suka bambanta kuwa, an san tsakanin shekarun da bambancin ya shigo. Irin wannan ma'auni shi ne abin da masanin halittu ke samu idan kogi ya raba garke ɗaya gida biyu a shekarar da aka sani. Ana iya faɗaɗa shi zuwa Katsina da Maraɗi, waɗanda su ma jihadi ya raba gidan sarautarsu.

Ga zamanin da ya fi kusa kuwa, akwai murya ita kanta. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma an ɗauki Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina da Mamman Shata, wanda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙoƙi kuma a Daura aka binne shi a 1999. Waɗannan mutane sun koyi magana ne daga iyayen da aka haifa a ƙarni na 19, saboda haka kasa-kasansu na ɗauke da karin da ya girmi ƙamus na Bargery. Kwamfuta a yau na iya zana hawa da saukar murya daga faifai, ta ƙidaya kaɗawar maƙwallato a kowace gaɓa, aikin da Richards ya yi da kunne da alƙalami. Sai dai zaren kaset abu ne mai rai kaɗan: zafi na sa shi ya manne, laima na sa masa fumfuna, kuma kowane juyi a tsohon rikoda na kankare masa wani abu. Mai son yin wannan aiki a ƙasar Daura zai buƙaci ya ɗauki kowane take sau uku, da ganga kaɗai, da kirari kaɗai, sannan makaɗin ya faɗi kalmomin a zaune kamar yana hira, a kuma rubuta daga wa ya karɓa, shi ma wancan daga wa.